Gurbi 30 a Bakin Iyaka: Dara da Shaɗaranji a Ƙasar Illela

A cikin wasannin manya na ƙasar Hausa babu wanda ya kai dara rashin buƙatar kaya. Ɗan dambe sai ya naɗe hannu, ɗan kokowa sai ya nemi makaɗi, mai karta sai ya saya da kuɗinsa. Ɗan dara inuwa kawai yake nema da ƙasa mai laushi. Ya share da tafin hannu, ya haƙa gurbi 30, layi biyar, kowane layi gurbi shida. Ɗaya ya kakkarya kara 12, ɗayan ya tsinci tsakuwa 12, ko ƙwallon dabino, ko busasshen kashin raƙumi in a zango ake. Ba darar nan ta gurbi 12 nake nufi ba, wadda ake zuba 'ya'ya huɗu-huɗu ana zagayawa, irin wadda Yarbawa ke kira ayo. Waccan ta ƙirga ce. Wannan ta ƙulli ce.

Wasan kashi biyu ne. Da farko dasawa: ka dasa ɗaya, in dasa ɗaya, har 'ya'yan kowa su ƙare, kuma ba a yarda ka jera uku a layi ɗaya a wannan lokaci ba. Sannan tafiya: kowane ɗa taki ɗaya yake yi zuwa gurbin da ke maƙwabtaka da shi, gaba ko baya, dama ko hagu, ban da karkace. Wanda ya jera uku cif ya ci, sai ya cire ɗa ɗaya na abokin karawarsa. Huɗu a jere ba ci ba ne. Wanda 'ya'yansa suka koma biyu, ruwa ya ƙare wa ɗan kada. Yaro na iya haddace wannan kafin shayi ya tafasa, ya kuma tsufa bai iya wasan ba.

Iska ce ke share fagen dara kowace yamma, shi ya sa shaidar daɗewarta ba a ƙasa take ba, a yaɗuwarta take. Zabarmawa na yin ta suna ce mata dili. A Mali da Burkina Faso ana yin 'yar'uwarta da sunan wali. Wani likita Bature mai tara wasannin duniya, R. C. Bell, ya sa ta cikin littafinsa na 1960, ya jingina ta ga Dakarkarin ƙasar Zuru, kuma har yau masu rubutu a intanet na ta maimaita wannan. Ba na musun cewa mutanen Zuru gwanaye ne. Amma wanda ya taso tsakanin Gwadabawa da Konni, in aka ce masa dara ta wata ƙabila ɗaya ce, dariya zai yi. Wasan da ba ya buƙatar kaya ba ya buƙatar tafinta. Falke da Buzu da Bafulatani mai kora sun sauka a rijiya ɗaya, dabbobi na jiran layin sha, rana ta take, to me za su yi in ba su haƙa gurbi ba? A ganina hanyoyin fatauci ne suka raba dara, kuma Illela a kan irin wannan hanya take zaune.

Garinmu na nan kimanin kilomita 85 arewa da Sakkwato, Birnin Konni kuwa ɗan taƙi ne a kan kabu-kabu. Kafin Turawa babu wani layi tsakani. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo kansa a Maratta aka haife shi a 1754, can ɓangaren da yau ake kira Nijar, ya zo ya yi zamansa na karantarwa a Degel, ta wajen Gwadabawa. A 1898 Ingila da Faransa suka zana wata da'ira mai nisan mil 100 kewaye da Sakkwato, wadda a takarda ta bar Konni hannun Ingilishi. Wannan bai hana rundunar Faransawa ta Bule da Shanuwan, wato Voulet da Chanoine, afka wa Konni a watan Mayu na 1899 da kisan da har yanzu ba a manta ba. Daga baya Faransawa suka koka cewa an bar su da hanya marar ruwa tsakanin kogin Kwara da Damagaram, aka sake zama a 1904 da 1906, aka turo layin kudu. Konni ta koma Faransa, mu muka zauna Ingila. Kuɗi suka rabu, boko ya rabu, har karta ta rabu, don su can balot suke bugawa. Dara dai ba ta san an yi ba. Ran Lahadi, ranar kasuwarmu, in ciniki ya lafa a kara, sai ka ga dillalin Illela da mai raƙuman Abalak ko Tawa sun durƙusa gaban gurbi 30, ɗaya aljihunsa naira, ɗaya sefa.

Abin da ya daɗe yana ba ni mamaki shi ne wasan da bai zo ba. Shaɗaranji, wanda 'yan boko ke kira ces, a Indiya ya faro wajen ƙarni na 6, ya shiga Farisa, Musulmi suka gaje shi bayan sun ci ƙasar. A Bagadaza ta Abbasiyawa ya zama ilimi sosai. Al-Adli ya rubuta littafi a kansa a ƙarni na 9, as-Suli, wanda ya rasu wajen 946, ya zama abin buga misali da gwaninta, har 'yan wasa aka kasa aji-aji, manyan cikinsu ana ce musu aliyat. Daga hannun Musulmi ne ya ƙetara Andalus ya shiga Turai. To mu da muka karɓi nahawu da fiƙihu da hisabi da taurari daga wannan duniyar, me ya hana shaɗaranji zama a zaurukanmu?

Amsar tana cikin littattafan da suka iso. Shaɗaranji ya zo mana a matsayin hukunci kafin mu ga allonsa. Imamu Malik ya ƙi shi, Muwaɗɗa ta kawo hakan. Risala ta Ibn Abi Zaid al-Ƙairawani, wanda ya rasu a 996, wadda kowane ɗalibin zaure a ƙasar Sakkwato ke bi ta cikinta, ta hana wasa da shi da kuma wani wasan allo da ake kira nardu, ta ce babu laifi a yi wa masu yin sa sallama, amma zama wurinsu da kallonsu makaruhi ne. Muhtasar na Halil ya sa lizimtar shaɗaranji cikin abubuwan da ke zubar da mutuncin mai ba da shaida gaban alƙali. Almajiri ya san sunan wasan, ya san hukuncinsa, bai taɓa ganin dokin allon ba. Ga shi kuma wasa ne mai son sassaƙaƙƙun 'ya'ya iri shida, wanda sai fada ko gidan attajiri. Inda ya samu fada ya zauna: a Barno, wani jami'in mulkin mallaka, C. K. Meek, ya ba da labari a 1934 cewa ya tarar da shi da sunan tsatsarandi, sarkin allon ana ce masa Mai, ga Ciroma, ga Kaigama. A daular Sakkwato da malamai suka kafa kuwa, fadar kanta zauren Risala ce.

Dara ma ba ta tsira daga bakin malamai ba. Wasu sun yi mata ƙiyasi da shaɗaranji, wasu sun ce in babu caca, babu rantse-rantse, ba a kuma bar salla ta wuce ba, a ƙyale tsofaffi su huta. Sai dai ita ba ta da allon da za a ƙwace. Liman ya ɓullo kwana, ƙafa ɗaya ta share fage. Maganar makaruhancin kallo kuwa, duk wanda ya san dandalin dara ya san nan ne hukuncin ya fi shan wuya, don mutum biyu ke wasa, mutum goma ke gardama.

A wurin kawuna na koyi dara, dillali ne a kara, mutum mai ƙarancin magana in ba a kan farashin sa ba. Shaɗaranji kuwa sai da na je karatu Sakkwato. Da na fara buɗe littattafan Turawa masu koyar da dabarunsa, sai na riƙa jin muryar kawu a cikinsu.

Abu na farko da suke nanatawa shi ne ka fito da mayaƙanka da wuri, ka kama tsakiya, kada ka yi ta juya ɗa ɗaya sauran na barci. Ɗan dara ya san wannan tun kafin a fara tafiya, domin dara a dasawa ake cin ta. Abin da ke biyo baya yawanci karɓar bashi ne. Lissafin a fili yake. A cikin gurbi 30, huɗu na kusurwa maƙwabta biyu-biyu gare su, 14 na gefe uku-uku, 12 na ciki huɗu-huɗu. Hanyoyin jera uku a fagen duka 38 ne, 20 a kwance, 18 a tsaye. Gurbin kusurwa cikin biyu kawai yake shiga, gurbi biyun da ke ƙiri-ƙiri tsakiya kuwa kowanne cikin shida. Wanda ya dasa a kusurwa tun da fari ya sayi ɗa mai kashi ɗaya bisa uku na amfanin ɗan tsakiya da farashi ɗaya. Dokin shaɗaranji ma haka: daga tsakiya gida takwas yake iya dira, daga kusurwa biyu. Kawu bai taɓa ƙirga 38 ba. In ya ga hannuna ya nufi gefe sai ya ce, "Ɗana, mi kaka nema can? Wanga gida na baƙo na." Shi ke nan darasin.

Mutanen Bagadaza da sun ga dasawarmu da sun gane ta. A shaɗaranjinsu waziri taki ɗaya yake yi a karkace, giwa tsalle biyu, rundunonin ba sa haɗuwa da wuri. Saboda haka kowa sai ya yi ta gina sahunsa, abin da suke kira ta'abiya, kowace da sunanta, ana koyar da ita ana gado. Sai wajen 1475, a ƙasar Sifen, aka mai da waziri sarauniya mai ratsa allo daga bango zuwa bango, wasan ya koma na gaggawa. Dara ta tsaya kan tsohon hali na a shirya tukuna.

Sai dai kama tsakiya kaɗai ba ya isa, kuma nan ne masu matsakaicin hannu ke daɗewa ba su wuce ba. In an gama dasa 24, gurbi shida ne suka rage. Waɗannan shidan su ne dukiyar wasan. Sabon hannu 'ya'yansa yake kallo, gwani ramukan da babu kowa yake kallo: wa ke bakinsu, wa zai riga shiga, in na shiga wannan wane na buɗe a bayana? Kana iya cika tsakiya da 'ya'yanka su takwas, abokin wasa ya kewaye ka ya bar duk guraben banza a ɓangarensa. Kawu kan ce wannan shanu ne a garke marar ƙofa, yawansu ba ya kai su mashaya. Don haka tun daga ɗa na bakwai ko na takwas, tambayar ta daina zama ina zan dasa, ta koma ina nake so a bari.

Daga nan ne mugun abin ke fitowa. A dara ba a cewa na wuce, dole ka motsa. Sau da yawa ɗanka guda na zaune ya toshe wa abokin wasa cinsa, lafiya lau, sai motsin sauran 'ya'yanka ya ƙare, ya rage shi kaɗai ke da hanya. Da hannunka za ka ɗauke shi ka buɗe ƙofar da za a ci ka. Gaba kura, baya sayaki. Masu shaɗaranji sun san wannan tarko, suna kiran sa da wata kalmar Jamusanci, kuma rabin ƙarshen wasan sarki da dakaru a kansa yake. Maganinsa a wasannin biyu ɗaya ne: ka ajiye motsin banza. Ka bar wani ɗa can gefe mai gurbin kai da komo wanda ba ya ɓata komai, ka kuma ƙirga irin nasa na abokin wasa. Wanda motsin banzansa ya riga ƙarewa shi zai rushe gidansa. Na sha ganin tsoho ya yi shiru yana kaɗa ɗa ɗaya gaba da baya, 'yan kallo na cewa ya rasa ta yi, alhali jira yake numfashin wancan ya ƙare.

Babban burin ɗan dara shi ne abin da ake kira doki. Ci na yau da kullum motsi biyu yake ɗauka: ka buɗe ukunka, ka dawo ka rufe, kuma tsakanin nan ana iya cusa maka ɗa a gurbin. Doki kuwa 'ya'ya biyar ne: biyu a wannan layi, biyu a layin da ke kusa, na biyar na kai da komo tsakaninsu. Ya hau ya cika uku, ya sauko ya cika uku. Kowane motsi ci. Wanda aka ɗaure wa doki gara ya share fage a sake. Darasin da ke ciki ya wuce dokin kansa: motsi ɗaya mai barazana biyu ya fi motsi biyu masu barazana ɗaya-ɗaya, don mai tarewa hannu ɗaya gare shi. Duk dabarun cin ɗa a shaɗaranji, in ka tankaɗe su, wannan ne ke saura. Kuma ba a gina doki a bayyane. A dasawa ake binne shi, biyu nan, biyu can, kamar ba su san juna ba.

Sai zaɓen abin da za a ci, inda kwaɗayi ke kashe mutane. Ka jera uku, jama'a sun yi shewa, hannu na rawa, sai ka ɗauke ɗan da ya fi kusa. Kuskure ne. Tambaya uku ce, kuma a jere suke. Akwai ɗan da in ka bar shi zai ci ka a motsi mai zuwa? Shi ne farko. In babu, wane ne ya toshe maka ci na gaba? In babu, wane ne ke ba shi motsin banza? Wani lokaci ɗan da ya fi kyau ka bari shi ne wanda ya cushe wa 'yan'uwansa hanya, ko wanda zai mai da ukunsu huɗu. Cire shi taimako ne ka yi. Nan ne ake cewa dara ta ci gida. Mai shaɗaranjin da ke kwashe duk dakaren da aka miƙo masa, ba ya tambayar me ya sa aka miƙo, ciwonsu ɗaya. Kawu ba ya barin in taɓa ɗa sai na faɗa masa da baki abin da shi yake shirin yi mini. "Kak ka gaya man naka," in ji shi, "gaya man nawa." Ban san wata al'ada da ta fi wannan saurin ɗaga ɗan wasa ba, a kowane allo.

Shaɗaranji ya sake zuwa ƙasar nan ta ƙofar boko, da barikin soja da jami'o'i. An kafa hukumarsa ta duniya, FIDE, a Faris a 1924, ta Nijeriya kuwa a 1975. A 1997 kwamfutar Deep Blue ta doke babban gwanin wasan, Kasparov. A watan Afrilu na 2024 Tunde Onakoya, mai koyar da yaran unguwannin talakawan Legas, ya yi awa 60 yana wasa a dandalin Times Square na New York, har labarin ya iso wayoyin samarinmu. Yanzu a Illela kana iya ganin yaro mai sayar da katin waya yana karawa da wani a Indiya ko Masar, wasan minti uku. Ina jin daɗin haka, amma ina ganin abin da suke rasawa. Suna haddace buɗe wasa goma, su yi wasa 30 a zama ɗaya, an ci su sun danna sabo, ba su tsaya sun tambayi inda abin ya karkace ba. A dandalin dara ba ka da wannan mafaka. Ana cin ka 'yan kallo za su mayar da 'ya'yan inda suke, wani tsoho ya nuna da tsinken sakace ya ce tun nan ka mutu, tun ɗa na tara. Da zafi, ga dariya, amma ka tashi da abu. As-Suli da mutanensa ma haka suka yi ilimin: suna adana matsayin wasa masu wuya, waɗanda suke kira mansuba, ana ba ɗalibi ya warware. Yaron da ke son hannunsa ya yi ƙarfi ya rage yawan wasa, ya koma kan wanda aka ci shi, ya kuma fara koyon ƙarshen wasa kafin farkonsa, lokacin da 'ya'ya suka yi kaɗan har ana iya ƙirga komai.

An sha yi wa dara ta'aziyya, ana cewa lido da daraf da gidajen kallon ƙwallo sun gama da ita. Sun rage ta, gaskiya ne. Amma da aka rufe iyaka a watan Agusta na 2019, har zuwa Disamba na 2020 da aka buɗe Illela tare da Seme da Maigatari da Mfum, da kuma bayan juyin mulkin Yamai na 26 ga Yuli, 2023, lokacin da manyan motoci suka yi jerin gwano a bakin gari wata da watanni, na ga gurabe sun dawo ƙarƙashin tireloli. Direba da ɗan dako da ɗan canji, aiki ya tsaya, kuɗin sayen data ya ƙare, ƙasa kuwa kyauta ce.

A nan ne kuma na ga gardamar da ke tashi duk lokacin da baƙi suka haɗu, don dara ba ta da hukumar da ta rubuta mata doka. Wani dandali fagensu shida sau shida ne, wani shida sau bakwai. Wasu sun hana jera huɗu ɗungum, wasu sun yarda a jera amma ba ci. Babbar rigimar ita ce ko ana cire ɗa daga cikin ukun da abokin wasa ya riga ya jera. Masu hankali na yanke wannan kafin a dasa ɗan farko, marasa hankali sai an kai tsakiya, murya ta tashi, a kira wanda ya fi kowa furfura. Ni ina bayan masu cewa ba a taɓa ukun da ya tsaya. In an yarda a fasa shi, wanda ya riga ci sau ɗaya ya gama wasan, sauran jan rai ne. In kuwa an hana, wanda ke baya yana da ganuwar da zai fake, mai gaba kuma dole ya yi tunani kafin ya buɗe nasa, don da ya ɗaga ɗa ɗaya sauran biyun sun zama nama. Wani direban Maraɗi ya ce mini wannan dokar matsorata ce. Muka yi uku da tasa, uku da tawa, kowa ya ci a dokar gidansu.